Tsohon Injin Wanki a Landan: A Gyara Ko A Sayi Sabo?

Wata ranar Lahadi da daddare, ana tsakiyar hunturu, injin wankin gidanmu ya tsaya cak. Ya sha ruwa kamar yadda ya saba, ya yi 'yar ƙara sau biyu, sa'an nan ya yi tsit, ya kunna wata jar fitila, ya kuma ƙi buɗe ƙofarsa. A cikinsa kuwa akwai rigunan makarantar yara biyu da za su sa da safe, da tawul, da wata taguwa tawa, duk sun nutse cikin ruwan sabulu. Uwargida ta dube ni ta ce, "To Maigida, kai da kake ta cewa da sauran ƙarfinsa, ga ka ga shi." Shekarar injin goma sha biyu yana aiki. A hannun mutanen da suka riga mu zama a gidan muka saye shi da arha, watau namu ne ba na mai gidan haya ba, saboda haka babu wanda za mu kai wa kuka.

Mai sauraron da ke zaune a Kano ko Maraɗi yana iya cewa, to mene ne abin tashin hankali a nan? A juye kayan a baho, a cuɗa da hannu, a shanya a igiya, ko kuwa a kira mai wanki da guga ya kwashe su. Haka mahaifiyata ta ce da na ba ta labari ta waya, har da dariya: "Kai ɗan nan, yanzu hannuwanku ma sai an ja musu lantarki?" Amma zaman Landan dabam yake. Jama'a da yawa a ɗakunan bene suke, ba tsakar gida, ba igiyar shanya, a watan Disamba kuma rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, in ma ta fito ke nan. Rigar da aka matse da hannu tana iya kwana biyu ba ta bushe ba, ta kuma cika ɗaki da laima har bango ya yi baƙi. Bambancin da ya fi wannan girma kuwa na kuɗi ne. A ƙasashenmu kaya ne ke da tsada, hannun mai gyara yana da sauƙi, don haka ba a jefar da abu sai ya mutu murus. A nan al'amarin a juye yake. Sabon inji mai arha ana samunsa a kan fam ɗari biyu da wani abu, alhali mai gyaran da na kira washegari ya ce zuwansa kaɗai, tun kafin ya ɗauki sukurudireba, fam 70 ne. Wannan shi ya sa tambayar a gyara ko a sake take da nauyi a wannan birni.

Shi kansa injin bai daɗe da shiga gidajen talakawan Ingila ba. Irin wanda ke ɗebo ruwa da kansa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse, kamfanin Bendix ne ya fara sayar da shi a Amurka a 1937. A Birtaniya sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya kankama. Kamfanin Hoover ya buɗe masana'antarsa a garin Merthyr Tydfil na yankin Wales a 1948, a 1949 kuma aka buɗe shagon farko da mutum zai sa kuɗi ya wanke kayansa da kansa, a titin Queensway da ke yammacin Landan. Cikin shekarun 1960 mai tukunya biyu ne ake yayi, watau ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa, irin wanda har yau ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya, kafin mai ƙofa a gaba ya ture shi. Masana'antar Merthyr ta daina ƙera injin wanki a 2009, yanzu mafi yawan waɗanda ake saye a nan daga ƙetare ake kawo su. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Koriya ta Kudu, Ha-Joon Chang, a wani littafinsa na 2010, ya fifita wannan na'ura a kan intanet wajen sauya rayuwar jama'a, saboda sa'o'in da ta ƙwato wa mata daga bakin aikin gida. Da na karanta na ɗauka zolaya ce irin ta masana. A daren nan na Lahadi na ba shi gaskiya.

Kafin mutum ya nemi cuta, wajibi ne ya san yadda mai lafiya yake. Duk da yawan maɓallai da fitilun da ke fuskarsa, ayyuka huɗu kaɗai injin wanki ke yi: ya shigar da ruwa, ya ɗumama shi, ya juya ganga, ya fitar da ruwan. Gangar nan biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Ta ciki ta ƙarfe ce mai huji-huji, ita ce ke juyawa da tufafi. Ta waje ita ce ke riƙe ruwa, tana rataye da sifirin daga sama, shokazoba na tokare da ita daga ƙasa, an kuma ɗaura mata tubalan kankare domin kada injin ya riƙa tsalle a cikin ɗaki. Kankaren nan na daga cikin abin da ya sa injin kan kai kilo 60 zuwa 80. Mai ba da umurni ga dukansu, a injunan dā wani agogo ne mai haƙora da ake jin ƙas-ƙas ɗinsa, a na yanzu kuwa wani ɗan allon lantarki ne, wanda za mu kira ƙwaƙwalwa. Ɗabi'ar ƙwaƙwalwar nan ita ce ba ta tsallaka wani mataki sai ta tabbata wanda ya gabace shi ya cika. Ba za ta ɗebo ruwa ba sai ƙofa ta kullu, ba za ta kunna hita ba sai ruwa ya rufe ta, ba za ta matse ba sai ruwa ya fita. Saboda haka tambayar farko ita ce, a wane mataki injin ya tsaya? Wanda ya amsa wannan ya yi rabin aikin mai gyara.

Amma fa kafin a taɓa komai, a zare filogi daga bango, a kuma rufe famfon da ke ba injin ruwa. Kashe maɓalli bai isa ba. Wutar gidajen Birtaniya bolt 230 ce, ga ruwa a ƙasa, ga jikin inji na ƙarfe, kuma waɗannan uku in sun haɗu kisa suke yi.

In injin bai nuna alamar rai ba sam, a fara da abin da ya fi arha. Filogin Ingila mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, na injin wanki mai lamba 13 ne, kuma ba ya wuce 'yan kwabbai. A kuma jona fitila ko rediyo a soket ɗin a ga ko shi ne ya mutu. Sai dai fis ba ya ƙonewa haka kawai. In an sa sabo ya sāke ƙonewa, ko kuwa wutar gida gaba ɗaya tana ɗaukewa da zarar injin ya fara ɗumama ruwa, to galibi hita ce ta tsage, wuta na zurara cikin ruwa, kuma daga nan aikin ya fi ƙarfin mai koyo. In fitilu sun kama amma bai ɗebo ruwa ba, ko dai makullin ƙofa bai kama ba, ko tiyon baya ya lanƙwashe, ko 'yar rariyar da ke bakin tiyon ta toshe da yashi.

Ƙin fitar da ruwa shi ne ciwon da ya fi damun jama'a, shi ne kuma ya fi sauƙin magani. A ƙasan injin daga gaba akwai wata 'yar ƙofa, a bayanta akwai murfi mai murɗawa, shi ne matacin famfon da ke zuƙe ruwa. Duk abin da aka manta a aljihu nan yake taruwa. A daren nan na durƙusa da faranti mai faɗi da tsofaffin tawul, ina murɗa murfin kaɗan-kaɗan, faranti ya cika in rufe in zubar, har sau wajen goma sha biyar. Wanda ya yi gaggawa ya cire murfin gaba ɗaya, bokitin ruwa ne zai malale masa a daɓe, in kuma bene ne, maƙwabcin ƙasa zai ga rufinsa yana ɗiga. A cikin matacin na sami tsabar kuɗi guda biyu, da maɓallin riga, da maƙalen gashi. Da ruwan ya ƙare, bayan minti biyu ƙofa ta buɗe, muka ceto rigunan makaranta, muka ɗauraye su a baho, suka kwana a kan bututun ɗumama ɗaki. Ƙin buɗe ƙofa, ashe, sau da yawa ba lalacewa ba ne. Akwai wani siririn tiyo da ya tashi daga gindin ganga zuwa wani ɗan maɓalli a sama. In ruwa ya hau, sai ya matse iskar da ke cikin tiyon, iskar ta danna maɓallin, da haka ƙwaƙwalwa ke sanin yawan ruwa. Muddin tana jin akwai ruwa ba za ta saki ƙofa ba. In kuwa daskararren sabulu ya toshe tiyon nan, sai injin ya yi ta zaton yana cike alhali babu ko ɗigo, ya ƙi matsa, ya ƙi buɗewa. Injuna nawa aka jefar a kan abin da ruwan zafi da ɗan haƙuri za su warware, Allah ne masani.

Na kwanta ina murna cewa na gano cutar. Da safe na kunna shi babu kaya, ya sha ruwa, ya yi ƙarar nan sau biyu, ya sāke tsayawa. Watau tsabar kuɗin ba su da laifi. Ruwa na shiga, ruwa na fita, ganga ce ba ta juyawa. A nan abu biyu ake fara zargi. Na farko bel, wanda ya haɗa moto da ganga kamar fambel na mota. In aka juya gangar da hannu aka ji ta sakayau, tana ta wulwulawa ba nauyi, to bel ya zame ko ya tsinke. Tamu tana da ɗan nauyinta. Na biyu shi ne moton kansa. Moton tsofaffin injuna yana karɓar wuta ta wasu 'yan sanduna biyu na gawayi, waɗanda masu gyara ke kira burushi, irin dai na cikin kik ɗin mota. Suna gogar sashen da ke juyawa, don haka da gangan aka yi su domin su cinye, kamar yadda tafin takalmi ke cinyewa. In sun gajarce sai moto ya fara tartsatsi, ya yi rauni, daga bisani ya tsaya. Injunan zamani da yawa suna da moto marar burushi, wanda ya fi shiru kuma ba shi da wannan ciwo, sai dai allon da ke sarrafa shi in ya ƙone ya fi burushi tsada nesa ba kusa ba. Ni dai digirin da na yi ba na injiniya ba ne. Da na leƙa na ga sai an kwantar da injin an kwance moto, sai na nemi mai sana'ar.

Dattijo ne, mai zaman kansa, ya ce tun cikin shekarun 1980 yake wannan aiki. Abin da ya burge ni shi ne bai fara da moto ba. Ya buɗe ƙofa, ya sa hannu ya wulwula gangar, ya kasa kunne. Sa'an nan ya kama leɓenta na sama ya ɗaga ya sauke. Daga nan ya janyo injin ya haska bayansa da tocila. Na tambaye shi dalili, ya ce ba zai sa ni in kashe kuɗi a kan burushi ba in boris ya riga ya tafi, domin hakan daidai yake da yi wa mai jiran likkafani sabon ɗinki.

Maganar boris ita ce zuciyar wannan al'amari, saboda haka bari in ɗan tsaya a kanta. Gangar ciki ba ta da mariƙi daga gaba. Daga baya kaɗai take riƙe, a kan wata sandar ƙarfe da ta ratsa ta cikin boris biyu, da wata roba da ke hana ruwa isa gare su. Gangar da faɗinta ya kusa rabin mita, in tana juyi 1,200 a minti ɗaya, jiƙaƙƙen tawul ɗin da ke manne a gefenta yana danna ta da ƙarfin da ya ninka nauyinsa fiye da sau 300. Duk wannan boris ne ke ɗauka. In robar ta tsufa, ruwan sabulu ya shiga ya wanke man giris, sai tsatsa ta kama. Alamarsa ƙara ce mai kama da ta jirgin sama zai tashi a duk lokacin matsa, da gurnani in an juya gangar da hannu, da girgiɗi in an ɗaga ta, da zanen tsatsa a bayan ganga. Su boris ɗin ba su da tsada. A dā gangar waje ɓari biyu ce da aka haɗa da noti, a kwance, a fitar da tsoho, a buga sabo, a mayar. Amma a injuna masu yawa na wannan zamani, musamman masu arha, ɓarin biyu na roba ne an narka su sun zama ɗaya, ba wurin sa sifana. In boris ya lalace sai a sayi gangar ɗungurungum, kuma kuɗinta da na aiki kan kusa kuɗin sabon inji. Masu ƙerawa suna cewa haɗin narkawa ya fi hana yoyo, ya kuma rage farashi ga mai saye. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma sakamakonsa shi ne inji mai lafiyayyen moto da lafiyayyen jiki ya tafi juji saboda ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Ina zaton bakaniken kasuwar Panteka a Kaduna zai sa zarto ya raba gangar, ya sauya boris, ya liƙe ya ɗaure da noti, a ci gaba da wanki. A nan ma akwai masu yin haka a gidajensu, sai dai mai sana'a ba ya yarda, domin ba zai iya ba da garanti a kai ba.

Daɗin daɗawa, ruwan Landan kansa abokin gābar injin ne. Mafi yawansa daga kogin Thames da kogin Lee ake ɗebowa, su kuwa maɓuɓɓugan da suka ratso duwatsun alli ne ke ciyar da su, irin na tuddan Chiltern. Allin nan yana narke a cikin ruwan, ba a ganinsa sai an dafa, sa'an nan ya daskare ya zama farin ɓawo. Duk mazaunin Landan ya san shi a gindin butar shayinsa. Mutumin Glasgow, wanda ruwansa daga tafkin Katrine yake, ko na Birmingham, wanda nasa daga kwarin Elan na Wales ake janyo shi, bai cika ganin wannan ba. Ɓawon yana lulluɓe hita, ya hana zafinta fita, har ta ƙone kanta. Ruwan kuma yana kashe kumfa, sai mutane su riƙa ƙara sabulu, abin da bai narke ba ya taru a bayan ganga ya zama wani irin taɓo mai wari, wanda ke cin ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke riƙe da gangar ciki. Maganinsa a riƙa barin ƙofa a buɗe bayan wanki, a kuma riƙa juya injin babu kaya da ruwa mai zafi sosai lokaci-lokaci.

To ina hukuma take a cikin wannan? Tun daga 1 ga Yuli 2021 akwai doka a Ingila da Scotland da Wales wadda ta tilasta wa masu ƙera injin wanki su ajiye kayan gyaransa har shekara goma bayan sun daina sayar da samfurin. Wasu kayan, kamar ƙofa da robarta da makullinta da aljihun sabulu, dole a sayar wa kowa. Manya kuwa, irin su moto da famfo da hita da allon lantarki, masu sana'ar gyara kaɗai doka ta ce lalle a sayar wa. Ci gaba ne, amma yana da giɓi. Dokar ba ta shafi tsofaffin injuna irin namu ba, ba ta ƙayyade farashin kayan ba, ta kuma yarda a sayar da boris haɗe da ganga, watau ba ta hana gangar da aka narke ba. Faransa ta bi wata hanya: daga Janairun 2021 ta sa a riƙa manna wa injin wanki maki daga cikin goma a kanti, mai nuna sauƙin gyaransa, a 2025 kuma ta faɗaɗa makin ya haɗa da ƙarkonsa. Ga wanda injinsa bai tsufa ba, akwai kuma dokar haƙƙin mai saye ta 2015. A ƙarƙashinta kantin da ya sayar shi ake bi, ba masana'anta ba. Cikin kwana talatin na farko mutum na iya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa. Cikin wata shida na farko ana ɗauka da aibin aka sayar da shi, sai in kanti ya nuna akasin haka. Bayan nan mai saye ne zai kawo hujja, kuma a Ingila yana da damar kai ƙara har shekara shida. Ƙarewar garantin shekara ɗaya, ke nan, ba shi ne ƙarshen magana ba, muddin an adana rasiɗi. Ɗan haya kuwa, in injin na mai gida ne, ya duba takardar yarjejeniyarsa kafin ya kwance ko da noti ɗaya.

Masu kanti suna da hujja guda da suke so ƙwarai, wai sabon inji zai biya kuɗinsa da wutar da zai rage. Bari mu auna. Kaso mafi girma na wutar da injin wanki ke ci a wajen ɗumama ruwa yake tafiya. Ɗaga lita 15 daga digiri 15 zuwa 60 yana cin kusan kashi huɗu cikin biyar na yunit ɗaya, ɗaga su zuwa digiri 30 kuwa wajen rubu'in yunit ne, kuma wannan lissafi ba ruwansa da tsufa ko sabuntar inji. Sabo yana tsimi ne ta hanyar rage ruwa da rage zafi da tsawaita lokaci, shi ya sa wankin tsimi kan ɗauki fiye da sa'a uku. Mu ƙaddara sabon zai rage rabin yunit a kowane wanki, gida kuma yana wanki sau huɗu a mako. Yunit 104 ke nan a shekara. A 2025 farashin yunit a Birtaniya ya yi ta kai-kawo tsakanin kwabo 24 da 28, watau abin da za a rage wajen fam 27 ne a shekara. Injin fam 300 zai yi shekara goma sha ɗaya kafin ya fanshe kansa, in ya kai. Wanda ya juya maɓallin tsohon injinsa daga 60 zuwa 30 ya sami irin wannan ragi ba tare da ya sayi komai ba. Lissafin yana sauyawa ne in injin tsoho ne tukuf mai shan ruwa ninkin na yanzu, gidan kuma yana da mitar ruwa, ko kuwa in matsarsa ta yi rauni har sai na'urar busarwa ta yi dogon aiki a bayansa.

Ana yawan faɗin wata ƙa'ida, cewa in gyara ya wuce rabin kuɗin sabo a haƙura da shi. Ba ta da laifi, amma a ganina ta yi gajarta, domin ba ta tambayi abin da ya lalace ba. Burushi da bel da famfo da hita da robar ƙofa da makulli, duk kayan cinyewa ne, sauya su bai nuna injin ya ƙare ba, kamar yadda sauya taya bai nuna mota ta ƙare ba. Boris a cikin narkakkiyar ganga, da karyewar ƙarfe mai ƙafa uku, da ƙonewar allon da aka daina ƙerawa, da tsatsar da ta ci gindin jiki, waɗannan su ne ƙashin baya. Kuma a tuna, rabin kuɗin wane sabo? Tsohon inji mai gangar noti, in za a sami kwatankwacinsa a yau, ba a layin masu arha za a same shi ba, araha kuwa ba ta ado.

Akwai wuri ɗaya da ban yarda a yi ciniki ba, shi ne gobara. Warin ƙuna, ko baƙin tabo a filogi ko a makullin ƙofa, ko ɗan jan wuta in an taɓa jikin injin, duk waɗannan na nufin a zare shi nan take. Kada kuma a ɗauka sabo shi ne amintacce. A Disamban 2019 kamfanin Whirlpool ya ba da sanarwar janye injunan wanki wajen rabin miliyan masu sunan Hotpoint da Indesit, waɗanda aka ƙera tsakanin 2014 da 2018, saboda makullin ƙofarsu na iya yin zafi har ya kama wuta. Kafin nan, a Agustan 2016, na'urar busar da tufafi ce ta tayar da gobara a wani bene mai hawa 18 a unguwar Shepherd's Bush. Duk mai tsohon inji, balle wanda ya saya a hannu, ya kamata ya duba lambar samfurinsa, wadda galibi take a bakin ƙofa, ya gwada ta da jerin waɗanda aka janye. 'Yan kwana-kwanan Landan sun daɗe suna gargaɗi kada a bar injin yana aiki a fita, ko a kwanta barci, ko da kuwa wutar dare ta fi arha ga masu irin wannan mita.

In an yanke shawarar rabuwa da shi, ba a ajiye shi a bakin titi, wannan laifi ne mai tara. Kantin da ya kawo sabo yakan ɗauke tsohon, galibi da ɗan kuɗi, ƙananan hukumomi ma suna ɗauka. Wasu kuma sukan bi kwantena su ɓulla a kasuwar Alaba ta Legas, daga can su hau mota zuwa Arewa, masu rai haɗe da matattu. Ga mai sauraron da zai sayi irin wannan, filoginsa zai shiga soket ɗin Nijeriya, wutar ma iri ɗaya ce, ba kamar injin Amurka mai bolt 120 ba. Amma hitarsa tana jan wat wajen 2,000, abin da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, sai a riƙa wanki da ruwan sanyi. Yana kuma bukatar ruwa mai ƙarfi, tankin da ke kan ƙarfe mai tsawon mita uku kuwa ƙarfinsa bai kai sulusin na tankin da ke mita goma ba, don haka injin na iya gajiya da jiran ruwa ya tsaya. Ƙwaƙwalwarsa ba ta jure wutar da ke hawa da sauka. Kafin a biya, a wulwula gangar a saurara, a ɗaga ta, a leƙa bayanta, a kuma nace sai an zuba ruwa an ga ya wanke ya matse. A tambayi dogayen kusoshin da ake ɗaure ganga da su lokacin tafiya: in babu su doguwar hanya na iya lalata sifirin da shokazoba, in kuma an manta ba a cire su ba injin zai yi ta tsalle a tsakar ɗaki. Inda ruwa da wuta ba su da tabbas, mai tukunya biyu ya fi dacewa, ko da ya fi bukatar tsayuwa a kansa.

Namu dai dattijon ya ce boris ɗinsa da sauransu, gangarsa kuma ta noti ce. Ya kwance moto, ya fito da burushin biyu, kowanne bai kai santimita ɗaya ba, ya sa sababbi na fam 14, ya hure ƙurar gawayi, ya mayar. Aikin bai kai sa'a guda ba, duka-duka na biya fam 84. Ya nuna mini robar ƙofa da ta fara tsagewa daga ƙasa, ya ce wannan ni ma zan iya sauyawa in na yi haƙuri da zoben da ke riƙe ta. Hitar kuwa ya ce alli ya yi mata riga, kada in yi mamaki in ta mutu baɗi, kuma in ta mutu a sauya ta. Amma ranar da na ji ƙarar jirgin sama a ɗakin girki, in kira shi tukuna kafin in nufi kanti, domin har yanzu ana samun boris ɗin wannan samfuri. Uwargida ba ta gamsu sarai ba. Ta sa na auna gurbin da injin yake a ƙarƙashin teburin girki, faɗi santimita 60, ta rubuta a takarda ta manna a jikin firji.